Maganin Tabo Tun Ran Miki

 Yau ina so mu yi magana a kan tabo, watau alamar da miki ko ƙuna ko ƙurji ke bari a jiki bayan ya warke. Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, na lura mu mata ba mu tashi neman maganin tabo sai ya riga ya zauna. Sa'an nan ne za ki ga mace ta kwance bakin zanenta, ta sayi wannan mai, ta sayi wancan sabulu, kuɗi su ƙare, tabo yana nan inda yake. Alhali kuwa Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Babban maganin tabo yana cikin sa'ar farko da aka ji ciwo, da mako 2 ko 3 da ke biye da ita. Wannan lokaci kuwa yawanci a hannun uwa yake.

Mu nan Karare, cikin ƙasar Batsari, mun fi kowa bukatar sanin haka. Zuwa babban asibitin Batsari tafiya ce, zuwa Katsina kuwa ta fi haka nisa. Ga shi kuma fitinar 'yan bindiga da ta addabi ƙauyukan bakin dajin Rugu, daga Batsari har Safana, ta koya wa mutane tsoron hanya da dare. To, in yaro ya ƙone bayan isha'i, wa zai fara taɓa shi? Ke ce. Abin da kika yi kafin gari ya waye, shi ne likita zai tarar, ko gyara ko ɓarna.

Bari mu fara da sanin yadda tabo yake samuwa. Fatar mutum hawa biyu ce. Ta sama siririya ce, kullum tana saɓulewa tana sabunta kanta, don haka ƙujewa kaɗan ba ta barin kome. Ta ƙasa mai kauri ce, a cikinta saiwar gashi take da wuraren da gumi ke fitowa. In ciwo ya kai ga wannan, jiki ba ya iya mayar da ita yadda take, sai dai ya ɗinke wurin da wani zare nasa da likitoci ke kira kolajin. Kun dai san aikin gyartai. In ƙwarya ta fashe ya ɗinke ta, za ta riƙe gari, amma ɗinkin ba ya ɓoyuwa. Haka tabo yake. Shi ya sa gashi ba ya tsirowa a kansa, ba ya kuma yin gumi, ƙarfinsa kuwa ko ya nuna sarai ba ya wuce wajen kashi 80 cikin 100 na lafiyayyar fata. Abu uku ke sa ɗinkin ya yi muni: zurfin miki, da shigar ƙazanta, da daɗewa bai rufe ba. Zurfi wani lokaci ƙaddara ce. Sauran biyun kuwa, mu ne da su.

Kada wata ta ce ai tabo rabo ne, ba a hana shi. Kakata ta wajen uwa mai zanzana ce, agana ta rarake mata fuska tun tana budurwa, kuma a zamaninsu ba ta rasa abokan tarayya ba ko a wane gari. Ni kuwa abin da na samu daga agana bai wuce ɗan tabon lamba a dantse ba. Daga 1967 aka bi ƙasashen Afirka ta Yamma gari gari ana yi wa jama'a lamba, har da wata na'ura da ake takawa da ƙafa. Ina tune da yadda aka jera mu muna kuka, iyayenmu na riƙe da mu. Daga 1970 ba a sake ganin agana a Nijeriya ba. Wanda ya ɗauke ta na ƙarshe ta hanyar yaɗuwarta tsakanin jama'a, a Somaliya yake, cikin 1977, a 1980 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa an kawar da ita daga duniya ɗungum. Ku 'yan makaranta, ku duba ajinku, akwai mai zanzanar agana ko ɗaya? Ɗan tabo guda ya fanshi fuskoki dubbai. Haka kuma tabon da allurar BCG ta tarin fuka ke bari a dantsen jariri, kada ki damu da shi, kada ki shafa masa kome, da kansa yake warkewa.

Agana ta tafi, amma wuta tana nan, ita ce kuwa uwar munanan tabo a gidajenmu. Da hunturu ya kama, sai kaskon garwashi a ɗaka, yara sun kewaye murhu, tukunyar kunu a ƙasa, man tuyar ƙosai da awara yana tafasa a tsakar gida, mai rarrafe kuwa bai san kome ba. Ki kange murhu, ki ɗora abu mai zafi inda hannun yaro ba ya kai, kada ki miƙa wa ƙaramar yarinya tafasasshen ruwa ta kai bayan gida. Kada a ajiye fetur a ɗakin kwana, kada a zuba wa fitila ko risho kananzir suna ci. Wanda ke da farfaɗiya kada a bar shi shi kaɗai gaban wuta. Masu wankan jego kuma, ku ji tsoron Allah game da mai jego. Unguwarzoma ko uwar da ke yin wankan ta fara tsoma gwiwar hannunta a ruwan, in ba ta iya jurewa, to jikin mai jego ma ba zai jure ba. Na sha ganin mata da tabon ƙuna a baya da cinya, wanda ba wuta ta yi musu ba, ganyen wanka ne.

In kuwa tsautsayi ya auku, ga abin yi. In tufa ce ta kama wuta, kada a yi gudu, gudu hura ta yake yi. A kwanta a yi birgima, ko a lulluɓe mutum da bargo. Sa'an nan ruwa. Ruwan randa mai tsabta, ki riƙa kwararawa da moɗa ko buta a kan ƙunar har minti 20, ki duba agogo, don minti 20 sun fi yadda ake zato tsawo. Dalili kuwa, zafi ba ya tsayawa don an janye hannu daga wuta, yana ci gaba da cin nama a ƙasa, kamar yadda tukunya ke ci gaba da tafasa bayan an sauke. Ruwa ne ke tsayar da shi. Ko an yi jinkiri, in ba a wuce awa 3 ba, ruwan yana da amfani. Amma ban da ƙanƙara, ita ma ƙona fata take yi. In yaro ne, a rufe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. A cire zobe da awarwaro tun wurin bai kumbura ba. Tufar da ta manne da nama kada a fizge ta, a yanke kewayenta. Bororo kuma kada a fasa shi, rufi ne Allah ya yi wa mikin. A rufe da ƙyalle wankakke wanda ba ya zubar da zare, ban da auduga.

Wata shekara da sanyi, jikar maƙwabciyata, yarinya 'yar shekara 3, ta jawo kwanon kunu ya zube mata a hannu. Uwar yarinyar, wadda ta yi makaranta har aji shida, ta sure ta sai bakin randa. Kafin in shigo gida ya cika, wannan ta kawo ɗanyen ƙwai, wannan man goge baki, wani yaro an aike shi wurin mai faci ya samo baƙin mai. Uwar mijin tana cewa, "Ke 'yar nan, ruwa ai shi ke ta da bororo, ba ni ita nan." Yarinyar nan ba ta ɗaga murya ba, hannunta dai bai bar moɗa ba, ta ce, "Inna, ki yi mini haƙuri, ki bar ni in gama, in ya so a yi yadda kika ce." Da ta gan ni sai ta ce, "Goggo, don Allah ki sa baki." Na zauna kusa da tsohuwar, na ce, "Yaya, bar ta, abin da malaman asibiti ke yi ke nan." Da safe aka kai yarinyar asibiti aka ɗaure. Kafin mako 2 hannu ya rufe, yau sai an nuna miki wurin za ki gane. Na kawo labarin nan don amare su ga ana iya tsare gaskiya ba tare da an yi wa manya rashin kunya ba.

Ƙwai da man goge baki da baƙin mai da manja da toka da kashin shanu, duk ba su fitar da zafi, sai dai su kai ƙazanta cikin miki, kuma tilas a kankare su a asibiti, yaro ya sha azaba sau biyu. Shuɗin maganin nan ma da ake shafawa yana rufe wa likita launin ƙuna, ya kasa gane zurfinta. Zuma kuwa, cikin magungunan gida, likitoci sun shaida tana taimakon ƙunar da ba ta yi zurfi ba, ita ma sai tsantsa mai tsabta, bayan an gama zuba ruwa.

Ga ƙunar da ba a ajiyewa a gida: wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, da ta fuska, da ta hannu ko ƙafa, da ta gaɓa, da ta al'aura, da kowace irin ƙuna a jikin jariri. Wadda ta yi fari ko baƙi kamar ƙirgi, mai ita kuma ya ce ba ya jin zafi, kada ki yi murna, ita ce mafi zurfi, ta cinye har jijiyar jin zafin. Ki riƙe wannan lissafi: ƙunar da ta rufe cikin mako 2 da wuya ta bar mummunan tabo, wadda ta wuce mako 3 a buɗe kuwa yawanci tana barin tabo mai tudu. Irin wannan tabo yana janyewa, shi ne za ki ga yatsun yaro sun manne, ko gwiwar hannu ta ƙi miƙewa, ko haɓa ta kama ƙirji. Don haka in ana ɗaure hannu a raba yatsu ɗai ɗai, a kuma riƙa motsa gaɓa yadda aka nuna a asibiti, ko yaro yana kuka. In wurin ya riga ya janye, kada a fid da rai. Likitocin gyaran fata, irin na asibitin ƙashi na Dala a Kano da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna sakin wurin su yi dashen fata, a fara dai zuwa asibitin kusa su ba da takarda.

Yanka da sara kuma, na wuƙa ko lauje ko kwalba, ki danne da ƙyalle mai tsabta wajen minti 10 ba ɗagawa, jini zai tsaya. Sa'an nan ki wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, har ƙasa da tsakuwa su fita, gama ƙasar da miki ya rufe da ita takan bar baƙin zane har abada. In bakin yankan ya buɗe, a kai a ɗinke a ranar, cikin 'yan sa'o'i, don bakin da aka haɗa siririn layi yake bari, wanda aka bari ya cike da kansa kuwa faffaɗan tabo. A kuma tambayi allurar tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora.

Akwai wata magana da muka gada, wai a bar miki ya sha iska ya bushe. A 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada abin a fatar dabba, ya tarar mikin da aka rufe ya zauna da danshi yana yin sabuwar fata kusan ninki biyu na saurin wanda aka bari ya yi ɓawo. Tun daga nan aikin ɗaurin miki ya sake. Saboda haka ƙaramin miki, bayan an wanke, a shafa Vaseline kaɗan mai tsabta, a rufe, a sake ɗauri kullum. In ɓawo ya fito kada a ɓamɓare shi. In kika ga wurin ya yi ja, ya kumbura, yana zogi, ko mugunya da wari, ko zazzaɓi ya zo, ƙwayoyin cuta sun shiga, sai asibiti, kada a tsaya barbaɗa garin kafso har ya zama gyambo.

Ƙuraje ma suna da nasu rabo. Ƙarambau ba ta cika barin rami ba sai inda aka sosa, don haka a yanke wa yaro farce, a yi masa wanka, a shafa ruwan kalamin. Ƙyanda kuwa tana da rigakafi, a wata 9 da kuma wata 15. Kada ki raina ta, domin yaron da ƙyanda da yunwa suka raunana shi ne ciwon noma mai zaizayar baki ke kamawa, ya cinye kunci cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti musamman dominsa a Sakkwato tun 1999. In kika ga dasashin yaro yana jini, bakinsa yana wari, kunci ya kumbura, kada ki kwana.

Yanzu ku 'yan mata, ku matso. Ƙurajen fuska na balaga ba cuta ce ta ƙazanta ba, kuma matsa su shi ke mai da ƙurjin kwana 5 ya zama tabon shekara. Baƙin ɗigon da ƙurji ke bari a fatarmu yawanci launi ne kurum, yana gushewa da kansa cikin watanni in an bar shi, an kuma tsare shi daga zafin rana. Abin baƙin ciki, garin gaggawa sai yarinya ta ɗauki man bilicin. Cikin irin waɗannan mai akwai masu zaiba, wadda ke lalata ƙoda, akwai masu maganin da ke sirantar da fata har ta yi nankarwa, jijiyoyi su fito, miki ya ƙi warkewa, ran da aka zo tiyatar haihuwa ɗinki ya ƙi kamawa. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Garin neman gira kada a rasa ido. In ƙurajen sun yi yawa, suna yin manyan kullutu, ki ga likita tun ba su yi rami ba.

Akwai kuma wani irin tabo da ke tsiro ya wuce bakin mikin da ya haife shi, ya yi sulɓi da tauri, yana ƙaiƙayi. Likitoci na ce masa kiloyid. Ya fi samun baƙar fata, yana bin jini, ya fi kama matasa, kuma ya fi son kunne da ƙirji da kafaɗa. Ba sammu ba ne, ba kuwa ya yaɗuwa daga wani zuwa wani. In akwai shi a danginku, ki haƙura da ƙarin hudar kunne ta biyu da ta uku. In ya fito, kada a kai wa wanzami, kada a ɗaure shi da zare, gama in an yanke shi kawai yakan dawo, sau da yawa ya fi na da. A asibiti akan yi masa allura a cikinsa wata wata har ya kwanta, in kuma za a yanke sai a haɗa da wani magani.

Tun da na ambaci wanzami, bari in taɓa tsaga. Iyayenmu sun yi bille da kalangu da sauransu don a san asali, a gane ɗan gida ko ya ɓata a zamanin yaƙi. Ba mu zarginsu, amma wannan bukata ta wuce, Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ma ta hana yi wa yaro zane a fata. Abin da ya rage shi ne tsagar magani: shasshawa a cikin yaro don saifa, ko sakiya a kumburi. Kumburin saifa sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne ko sikila, aska ba ta kai gare su. Aska guda a jikin mutane da yawa kuwa tana ɗaukar ciwon hanta da ƙanjamau daga wannan zuwa wancan.

To, wadda tabonta ya riga ya zauna fa? Na farko haƙuri. Sabon tabo yakan yi tauri da duhu ko ja, yana kuwa ci gaba da laushi da kwanciya har shekara 1 ko wata 18, kada ki yanke masa hukunci tun yana ɗanye. In miki ya rufe sarai, ki riƙa murza wurin da man kaɗanya ko Vaseline, minti 5 safe da yamma, yana rage tauri da ƙaiƙayi. Ki rufe shi daga rana. Akwai kuma wani faci mai laushi na silikon da ake samu a manyan kantunan magani, ana manna shi a tabo mai tudu aƙalla awa 12 kullum, har wata 2 ko 3. Amma kowa ya ce miki yana da man da ke share tabo ƙaf cikin mako guda, kuɗinki yake so. Ɗinkin gyartai ana iya gyara shi ya yi kyau, ba a mai da ƙwarya sabuwa.

Na biyu, mu gyara bakinmu. Kada a laƙaba wa yaro suna da tabonsa, kada 'yan aji su tsokani 'yar'uwarsu har ta ƙi zuwa makaranta, kada uwar miji ta ƙi yarinya mai hankali don wuta ta taɓa lasar wuyanta. Mai tabo mutum ne da Allah ya tsamar daga ciwo. Miki na jiki yana rufewa cikin makonni, na baƙar magana kuwa wata har ta tsufa tana jin zoginsa.

Ke da kika iya karatu, wannan ilimi amana ne a hannunki. Ki karanta wa kishiyarki da maƙwabciyarki, ki faɗa a gidan suna da gidan biki: ruwa minti 20, tsabta, rufi, da saurin zuwa asibiti. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu daga tsautsayi, ya ba marasa lafiya sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.